Tokar Ranar Litinin

Shekara tara ke nan cif da muka binne ƙanena Luka a bayan ƙauyenmu da ke ƙasar Sara, cikin Gwaram. Ni mutumin awo ne, don haka bari in fara da ƙirga abin da yake da shi kafin in sa masa hannu. Gona ɗaya ta gado, keke ɗaya, mata ɗaya da 'ya'ya biyar. Sai coci ɗaya ta jar ƙasa, da gidaje goma sha huɗu masu zuwa cikinta, da shekara goma sha tara yana tsayawa a gabansu kowace Lahadi a matsayin katikis, wato malamin da ke jan addu'a da karatu idan Fada, limaminmu, bai zo ba. Fada kuwa yakan yi wata biyu bai leƙo mu ba, saboda yawan ƙauyukan da ke wuyansa. Gonar da keken ban taɓa su ba. Tsayuwar nan a gaban jama'a, wadda ita ce abin da ya fi ƙauna a duniya, ita na raba shi da ita a zama ɗaya, tsakanin la'asar da faɗuwar rana.

Na san yawancin masu karanta wannan shafi Musulmi ne, wasu ma ba su san akwai irinmu ba. Mu Hausawa ne, kakanninmu Maguzawa, iyayenmu suka shiga Katolika. Sunana Nomau, ina sayen riɗi da zoɓo a ƙauyuka in kai Kano, sitona yana Birnin Kudu kusa da tasha. Da tiya ɗaya na fara a kasuwar Sara, ba wanda ya ɗora ni. Duk shekara idan ranar tunawa da Luka ta zo, iyali kan ce in yi magana tunda ni ne babba. In tashi in ce mutum ne mai haƙuri, in zauna. Bana na ga gara in faɗi sauran, tun ina da bakin faɗa.

Maganar ta faro ne daga wani tsoho ɗan asalin Lebanon, irin waɗanda a Kano ake kira Kwara. Baba Antun muke ce masa. A Kano aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa daɗi. Shekara goma sha huɗu ina kai masa riɗi. Ofishinsa da sikelinsa suna ƙasa, gidansa yana saman bene, kuma cikin shekarun nan duka ban taɓa wuce bakin sikeli ba. Ban damu ba, don ban ga wani dillali ya wuce ba. Duk watan Ramadan yakan sa a ɗora mini katan ɗin sukari a mota, ya ce a sha ruwa lafiya. In karɓa in yi godiya, in zo gida in raba wa maƙwabtana. Idan Sallah ta zo in yi masa barka da Sallah, shi ma ya yi mini. A wurina duk Balarabe Musulmi ne. A wurinsa duk Bahaushe Musulmi ne. Yana cewa in sha Allahu, ina cewa in sha Allahu. A kasuwa kuma ba na tallan addinina, riɗi nake talla.

Wata rana Luka ya roƙi in tafi da shi Kano zai sayo kyandir da kalandar coci. Muka tsaya wurin Baba Antun ana sauke kaya. A saman ƙofar ofishin akwai wani rubutun Larabci cikin gilashi, wanda ni tun farko na ɗauka aya ce irin ta kowane shago. Luka kuwa a Kangire ya tashi, gidan kawunmu Idi wanda Musulmi ne, ya yi karatun allo a ƙofar gida tare da 'ya'yansa, ya iya haɗa baƙi, ya tsinci Larabci kaɗan. Sai na ga ya tsaya yana motsa baki. Can ya juyo ya ce, "Yaya, ai wannan Addu'ar Ubangiji ce, wadda Yesu ya koyar."

Baba Antun ya ɗago kai daga takardunsa. "Malam, a ina ka san ta?"

"Ita nake koya wa yara kullum, ranka ya daɗe. Ni katikis ne."

"Katikis na ina?"

"Na Katolika."

Tsohon ya cire tabarau, ya dubi Luka, ya dube ni. "Nomau, wannan wane ne naka?"

"Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya."

"Kai! Shekara goma sha huɗu kana cinye mini sukari a banza!"

Aka yi dariya har masu dako. Ni ma na yi. Daga nan ya kama hannun Luka ya ce su hau sama su sha gahawa, ni kuma ya ce in tsaya kan awo kada a cuce ni. Gaskiya ya faɗa, ba a barin sikeli. Na tsaya. Buhu tamanin aka auna, ina jin dariyarsu tana saukowa ta taga. Daga buhu na farko zuwa na ƙarshe wani abu ya shiga ƙirjina ya zauna, kuma har yau da nake wannan rubutu bai gama fita ba.

A hanyar dawowa Luka bai rufe baki ba. Wai su Maroniyawa ne, Katolika ne kamarmu amma tsarin ibadarsu na Gabas ne. Wai da Larabci suke addu'a, da wani tsohon harshe da suke kira Suryani, ɗan'uwan harshen da Yesu ya yi magana da shi. Wai ga hoton Fafaroma nan rataye a falon, kuma limaminsu, wanda suke kira Abuna, yana ambaton sunansa a cikin Misa, wato babbar ibadarmu, kamar yadda Fadanmu yake yi. Ku riƙe wannan, don ni na riƙe shi. Na ji da kunnena, a gidan gaba na motar Alhaji Sale, wanda shi ke ɗaukar mini kaya tun ina haɗa buhu biyu da na wasu.

Ba su da limami zaunanne a Kano lokacin. Wani Abuna ne ke zuwa daga kudu jefi-jefi. Duk sanda zai zo, Baba Antun kan ce mini, "Ka gaya wa ɗan'uwanka ranar kaza." Ni ne ɗan aike. Don kada in yi wa mamaci ƙarya, sau ɗaya ya ce, "Kai ma ka zo mana." Wannan "kai ma" ɗin ita ta hana ni zuwa. Na ce kasuwa. Ni na san shi shekara goma sha huɗu, ni na cika masa sito, ni ban taɓa sa masa yashi a riɗi ba lokacin da kowa ke sawa. Sai a gayyace ni a matsayin ɗan rakiyar mutumin da ko kuɗin mota ni ke biya masa? Haka nake gani a lokacin. In ban ɓoye muku ba, wani lokaci har yanzu haka nake gani.

Aka yi shekara biyu a haka. Luka ya je ya dawo, yana rera wasu addu'o'i a gona da ba wanda ya san kansu. Bai taɓa kawo su cikin cocinmu ba, wannan shaida ce da ya kamata in bayar tuntuni.

Mu a tsarinmu, azumin kwana arba'in kafin Ista yana farawa ranar Laraba, Larabar Toka, inda ake shafa wa kowa toka a goshi don tuna cewa ƙasa za a koma. Fada kan sa wa tokar albarka ya aiko da ita ƙauyuka, katikis ya shafa wa mutane. A shekarar da nake magana, ranar Litinin kafin wannan Laraba, ina zaune a ƙofar sito da la'asar sai motar Alhaji Sale ta tsaya, Luka ya sauko. Zafi ya fara. Ya ture hula zai share gumi, sai ga alamar gicciye baƙa ƙirin a goshinsa.

"Luka, mene ne wannan?"

"Toka ce, Yaya. Su yau suke fara azumi, ba Laraba ba."

"To jibi fa? Da wane goshi za ka tsaya gaban mutane?"

Ya yi dariya. "Da wannan ɗin dai. Ai guda ɗaya gare ni."

Dariyar ce ta ƙarasa ni. Mutum yana cikin farin cikin da ba ni na saya masa ba.

Ni ne shugaban kwamitin coci, ba don na fi kowa tsoron Allah ba, sai don ni na sayi kwanon rufi. Washegari Talata na tara dattawa a gindin tsamiyar da ke gaban coci. Sai an san halin ƙaramar jama'a irin tamu kafin a gane abin da ya biyo baya. Shekarun baya wani mai wa'azi na sabuwar coci ya zo da lasifika ya kwashe mana gida huɗu. Tun daga nan dattawanmu suke ƙirga gidaje yadda mace ke ƙirga 'yan tsakinta da yamma. Duk abin da ya yi kama da baƙo, gabansu faɗuwa yake. Na san wannan sarai, kamar yadda nake sanin manomin da ke da biki a gaba kuma dole ya sayar.

Ban yi ƙarya ko ɗaya ba a zaman nan. Tambayoyi kawai na yi.

"Luka, jiya an shafa maka toka?"

"An shafa."

"Jiya Laraba ce?"

"Litinin ce, amma su..."

"Wanda ya shafa maka, yana da mata?"

"Yana da."

"'Ya'ya fa?"

"Uku."

Baba Ranau, wanda ya fi kowa tsufa a cikinmu, ya ce, "Fada da mata? Ikon Allah."

Na ce, "Gurasar tarayya da ake karɓa a Misa, yaya suke bayarwa?"

"Tsoma ta yake a ruwan inabi ya sa maka a baki."

"Da wane harshe ake addu'ar?"

"Larabci, da kuma..."

"Ya isa."

Luka ya dube ni ya ce, "Yaya, Katolika ne. Kai ma ka sani, na gaya maka."

Na ce, "Abin da na sani shi ne nauyin buhu. Ni ban taɓa hawa benen nan ba, ban ga komai da idona ba."

Wannan ma gaskiya ce. Duk ɗan kasuwa ya san yadda ake jera gaskiya ta ba da nauyin ƙarya. Waya tana aljihuna, lambar Fada tana ciki. Ya tafi garinsu jinyar mahaifiyarsa, amma da na kira da ya ɗauka, da magana ta mutu cikin minti biyu. Na ce kada a dame shi. Aka yanke cewa Luka ya dakata har Fada ya dawo, Markus ƙanin matata ya riƙe. Luka ya ciro makullin coci daga aljihu ya ajiye a kan tabarma. Ranar Laraba ya shiga layi a can baya, Markus ya shafa masa toka.

Cikin makon Alhaji Sale ya same ni a tasha. Ya ce, "Nomau, ni ba ruwana da cocinku. Amma me yaron nan ya yi?" Na ba shi labari yadda na ba dattawa. Ya girgiza kai. "Mu ma a sahu ɗaya za ka ga mai sadalu ya saki hannu, mai ƙabalu ya kama, alƙibla ɗaya, liman ɗaya. Na je Makka na ga salla kala-kala, ba wanda ya kori wani. Kuma ina cikin motar nan ranar da ya ce maka akwai hoton babbanku a gidan. Ko ka manta?" Na ce masa ya duba tayarsa ta baya, iska ta ragu. Ya ce, "Tayata lafiyarta ƙalau." Ya tafi.

Luka bai kira Fada ba. Saratu matarsa ta yi ta fama da shi, ya ce ba zai kai ƙarar yayansa wurin mutumin da ke jinyar uwa ba. Haka ya yi azumin nan duka a bencin baya, haka ya yi Ista.

Sai bayan ruwan farko Fada ya dawo. Aka sake zama a gindin tsamiya. Da Baba Ranau ya gama bayani, Fada ya fashe da dariya har da buga cinya. Da ya dubi inda Luka yake zaune, sai dariyar ta tsaya.

Ya ce mana abin da muka saba da shi, wato tsarin Roma, shi ne mafi yawan mutane, amma ba shi kaɗai ba ne. Akwai majami'u sama da ashirin na Gabas, kowace da tsarin ibadarta da harshenta da dokokinta, duk kuma ƙarƙashin Fafaroma ɗaya. Akwai na Lebanon, akwai na Masar, akwai na Habasha masu kaɗa ganga da tsohon harshensu, akwai na Indiya, akwai na ƙasashen Turai ta gabas. Wasu da gurasa mai yisti suke tarayya. Wasu jariri ma ana ba shi tun ranar baftisma. Ya ce ko a Yamma ba duka aka zama ɗaya ba, akwai birnin Milan a Italiya, su sai Lahadin bayan Larabarmu suke shiga azumi. Ya ce duk Bakatoliken da ya shiga Misar Maroniyawa ya karɓi tarayya, ya sauke nauyin Lahadinsa, ba abin da ya rage.

Baba Ranau ya ce, "To Fada, in nasu suna aure, kai me ya tsare ka?"

"Baba, tsarinmu ke nan. Su ma sai kafin a naɗa mutum yake aure, ba bayan nan ba. Ni kam jirgi ya riga ya wuce."

"Kash. Da na yi maka hanya, akwai jikata."

Aka yi dariya, irin ta mutanen da ke neman inda za su ɓoye kunya. Fada ya ce a mayar wa Luka makulli nan take. Markus ya miƙo da sauri kamar yana ƙona shi.

Luka bai karɓa ba. Ya ce, "Fada, a bar wa Markus. Yana ƙoƙari, in aka karɓe yanzu gidajensu za su ji ciwo, a sake rabuwa. Kuma ni ba toka ce ta dame ni ba. Shekara goma sha tara ina binne iyayen mutanen nan, ina koya wa 'ya'yansu. Ranar nan ko mutum ɗaya bai ce a jira a tambaya ba." Bai dube ni ba. Da ya dube ni da ya fi mini sauƙi.

Shekara shida ya ƙara a duniya, bai sake tsayawa gaban jama'armu ba. Bai kuma fasa zuwa coci ba ko Lahadi ɗaya in yana gari. Ni kuma na shiga biyan abin da ba a saye da kaya. Taki, iri, kwanon ɗaki, kuɗin makarantar yara. Ya karɓa ya ce, "Allah ya ƙara buɗi, Yaya." Kalmomin da ya kamata in faɗa ba su fi uku ba, na kasa. Sau ɗaya na bi shi gona da niyyar faɗa. Muka zauna a kan kunyar gona, na yi ta zancen farashin riɗi. Shi ne ya katse ni ya ce, "Yaya, wai me ka ɗauka ake rabawa a saman benen nan? Gahawa ce mai ɗaci, da tsoho mai kewar garin da bai taɓa zama a cikinsa ba." Na ce rana ta yi, na tashi.

Baba Antun ya ji labari, ban san a bakin wa ba. Bai taɓa yi mini maganar ba. Awo daidai, farashi daidai, gaisuwa daidai. Aike ne kawai ya daina ba ni. Da ciwon hanta ya kwantar da Luka, tsohon ya riga ya rasu, amma ɗansa ya biyo hanyar Sara ranar jana'iza, ya tsaya bakin kabari ya yi addu'a da harshensu. Mutanen da kalmar Larabci ta firgita a gindin tsamiya suka ce amin da ƙarfi. 'Ya'yan Kawu Idi sun zo daga Kangire mota guda. Ina tsaye ina kuka, kuma a cikin kukan ina ƙirga mutane, ina tambayar kaina ko nawa za su zo tawa. Ga irin mutumin da ke muku rubutu.

Nakan yi tunanin abin da Luka zai ce da ya ga yau. Cocin jar ƙasa ta zama ta bulo, da fanka da lasifika. 'Yarsa Rifkatu, wadda ke aikin jinya yanzu, ta taɓa nuna mini a wayarta Misa daga Lebanon, ta shafa da yatsa sai ga ta Habasha, ta sake shafawa sai ga ta Indiya, limami cikin riga mai ado yana bayan labule. Abin da ya ci aikin ubanta, yau yaro zai warware shi kafin shayi ya huce. Ina jin da Luka ya ƙarar da kuɗin gonarsa a sayen data. Amma ba na jin zai ce mun fi da hankali. Matasanmu yanzu a waya suke faɗa, wannan ya ce ibada da ganga ba ibada ba ce sai da Latin, wancan ya ce Latin kayan Turawa ne. Kowa ya ga tsari ashirin da idonsa, kowa ya dawo yana cewa nasa ne kaɗai. Da yana nan da ya saurare su duka, ya tambaye su ko sun yi addu'ar safe. Ni dai ban yarda rashin sani ne ya kayar da shi ba. Dattawa ba su sani ba, gaskiya ne. Wanda ya tara su ya sani.

Kasuwar ma ta canja. Kwarori sun ragu a harkar riɗi, Indiyawa da 'yan Sin sun shigo. Akwai wani akawu Ba'indiye da nake kai wa kaya, na ga ƙaramin gicciye mai rassa a wuyansa, na tambaye shi kai tsaye. Ya ce Katolika ne, na wani tsarin Gabas na ƙasarsu. Na ce ni ma Katolika ne. Muka yi musabaha, aka ci gaba da awo. Abin bai ɗauki minti ɗaya ba. Na fito ina jin haushin kaina har Wudil.

Watanni kaɗan da suka wuce ɗan Baba Antun ya ce mini Abuna zai zo, in ina so. Na je. Wata ƙaramar coci suka ara, ba su fi mutum talatin ba. Turare ya cika wuri, ana ta tsayuwa, ƙafata ta gaji. Ban gane komai ba sai sunan Allah da amin. Ana cikin haka Abuna ya taɓa bagadi, ya miƙa hannuwansa ga mai taimaka masa, shi kuma ya sauko ya miƙa wa na farkon layi. Haka gaisuwar salama ta riƙa tafiya hannu zuwa hannu, kowa ya karɓa a tafinsa biyu ya juya ya ba na kusa. Wata tsohuwa ce ta miƙo mini. Ban san yadda ake karɓa ba, ta kama hannuwana ta gyara mini su kamar ƙaramin yaro.

Da aka tashi ta tsare ni a ƙofa da Hausarta ta Fagge. "Kai ne yayan Luka."

A Birnin Kudu da Gwaram duk tsawon rayuwarsa shi ne ƙanin Nomau. Na ce ni ne.

"Allah ya ji ƙansa. Shekara shida shi ke riƙe wa Abuna kaskon turare. Da farko ya ce ba zai iya ba, yana da jama'arsa a ƙauye, ba ya raba hankali biyu. Daga baya ya zo ya ce yanzu ya samu sarari. Mijina da zai rasu, shi ya zauna da shi kwana uku. Ya ce mana yayansa ne ya sauke masa kaya." Ta matse hannuna. "Mun gode maka."

Na duba fuskarta da kyau, don na iya gane mai yi mini ba'a. Ba ba'a take ba. Abin da ya gaya musu ke nan, kuma ko Saratu ba ta taɓa faɗa mini inda yake zuwa ba.

To ga lissafin, yadda na yi shi a mota daga Kano zuwa gida. Ƙauyenmu ya yi asarar malamin da bai sake samun kamarsa ba. Markus ya samu aikin da bai nema ba, ya ɗauke shi da kunya har ya tsufa. Mutum talatin a wata coci ta aro sun samu wanda ya zauna da majinyatansu. Luka ya rasa abin da ya fi so, aka ba shi wuri a gefen bagadin da ni ko ƙofarsa ban iya shiga ba sai da gemuna ya yi fari. Na so in rage shi ya dawo daidai da ni, sai na tura shi ciki da hannuna. Abin da ya rage daga gare shi yana wurin mutanen da suke ambatonsa da harshe uku. Abin da ya rage a wurina kujerar kwamiti ce, da wata godiya da ba tawa ba wadda na karɓa ban ce komai ba.

Na sha faɗuwa a kasuwa, riɗi ya taɓa jiƙe mini mota guda, na tashi. Wannan ne cinikin da na biya da ɗan'uwana, kayan kuma aka sauke a sito na wasu. Allah ya ji ƙan Luka. Ni kuma ya cire mini abin da ke ƙirjina, don ko jiya da na tuna yadda tsohuwar nan ta faɗi sunansa, ba kewa ce ta fara zuwa mini ba.